Mai Ciwon Sukari, Ka Riƙa Duba Ƙafarka

Wani bawan Allah ya rubuto mini cewa shekararsa 12 da ciwon sukari, yana shan metformin ba fashi, amma kwanan nan in yana tafiya sai ya ji kamar auduga yake takawa, da dare kuma ƙafar ta hau zugi kamar ana tsira mata allura. Yana tambaya ko sanyi ne.

Malam, wannan bai yi kama da sanyi ba. Idan sukari ya daɗe yana hawa a jini, a hankali yake lalata ƙananan jijiyoyin ji, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Hanyoyin jini ma sai su tsuke. Mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibiti daga irin wannan ɗan ciwon raini suka faro, abin kuwa na ci mini rai, don da an farga da wuri da ba a kai can ba.

Sau biyar kake wanke ƙafa a alwala, to ka mai da shi lokacin dubawa: tafi, diddige, tsakanin yatsu. In ido bai kai ba, ka sa madubi ko ka kira yaro. Ka tsane ruwan sosai. Da hunturu ka shafa man kaɗanya saboda kaushi da faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ka kankare kaushi da reza, ka kuma haƙura da masu yankan farce na bakin kasuwa. Jin ɗumi dab da garwashi ya ƙona mutane da yawa ba su ji ba. Haka simintin harabar masallaci da azahar. Ruwan wanka ka gwada shi da gwiwar hannu, takalmi ka zazzage kafin ka sa.

Ka nemi gwajin HbA1c, mai nuna yadda sukarinka ya kasance cikin kusan wata 3; ga yawancin manya ƙasa da kashi 7 ake so. Ka roƙi likita ya duba bitamin B12 ma, domin daɗewa kan metformin na iya rage shi, ƙarancinsa kuma na kawo irin wannan mutuwar ƙafa.

Masu tallan magani da lasifika da ke alƙawarin raba ka da ciwon cikin mako guda, kada ka ajiye ƙwayarka saboda su. Ranar da ka ga kumburi, ruwa, wari ko yatsa ya fara baƙi, ranar za ka je asibiti, ba a jiran gobe.