Kwarin Goblin: Ziyara da Kiyaye Amanar Muhalli

Gabatarwa

Wannan darasi zai yi nazarin wani gandun shaƙatawa da ke jihar Yuta ta ƙasar Amurka, wanda ake kira Kwarin Goblin, wato Kwarin Dodanni. Manufar darasin ita ce ɗalibi ya fahimci yadda duwatsun wurin suka samu, da shirin da mai ziyara ke bukata, da kuma nauyin da ke wuyan duk wanda ya jagoranci yara zuwa irin wannan wuri.

Yadda Duwatsun Suka Samu

Kwarin yana cikin hamada, kimanin kilomita 80 daga garin Green River. Gwamnatin jihar ta mayar da shi gandun shaƙatawa a shekarar 1964. Abin da ya fito da sunansa shi ne dubban duwatsun yashi masu launin jan ƙasa, waɗanda suke tsaye birjik, kowanne da ƙaton kai a bisa siririn wuya, tamkar naman kaza.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa kimanin shekaru miliyan 170 da suka shuɗe wurin gaɓar teku ne. Yashi da laka suka riƙa kwanciya hawa-hawa har suka daskare suka zama dutse. Daga baya dutsen ya tsattsage, ruwan sama da iska suka yi ta cin sa ta bakin tsagar. Da yake hawan laka ya fi taushi, sai ya riga na yashi zaizayewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa kan ya fi wuyan girma, kuma shi ne dalilin raunin duwatsun.

Shirin Mai Ziyara

Akwai keɓaɓɓen sansani inda baƙi ke kafa tanti su kwana, kuma akan kama gurbi tun kafin a taso. Wajibi ne matafiyi ya yi guzurin ruwa da abinci da man mota isasshe, domin gari yana da nisa. A lokacin zafi rana takan ƙwalle ainun, inuwa kuwa ta yi ƙaranci. A lokacin hunturu ruwa kan daskare da dare. Haka kuma ana gargaɗin masu shiga ƙuntatattun kwazazzaban da ke kusa su lura da hadari, saboda ruwan da aka yi a nesa yana iya cika kwazazzabo cikin ɗan lokaci. Ladan wannan wahala shi ne dare: nisan wurin da fitilun birane ya sa taurari ke fitowa ƙarara, har aka sanya shi cikin jerin gandayen duniya masu duhun sama a shekarar 2016.

Abin da Ya Faru a 2013

A watan Oktoba na shekarar 2013 wasu shugabannin 'yan sikawut suka kai matasa kwarin. Ɗaya daga cikinsu ya ture kan wani dutse ya faɗo, wani ya ɗauki bidiyo suna ta shewa, aka sa a Facebook. Hujjarsu ita ce wai dutsen yana lilo, suna tsoron kada ya faɗa wa wani yaro. Sai dai abin da ya kamace su shi ne su janye yaran su sanar da ma'aikatan gandun. An tuɓe su daga shugabanci, kuma a shekarar 2014 biyu daga cikinsu suka amsa laifi a gaban kotu. Dutsen kuwa ya faɗi ke nan, babu mai mayar da shi yadda yake.

Kammalawa

Abin da ruwa da iska suka daɗe suna sassaƙawa, hannu ɗaya ya rushe shi cikin ƙiftawar ido. Malamin da ya fita da ɗalibai ziyarar ilimi yana riƙe da amana biyu: lafiyar yaran da mutuncin wurin. Yara kuwa abin da suka ga babba ya aikata shi suke ɗauka, fiye da abin da ya faɗa musu.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda duwatsun Kwarin Goblin suka sami siffarsu.
2. Kawo shiri uku da mai kwana a gandun ke bukata.
3. Tattauna hujjar shugabannin 'yan sikawut, tare da bayyana matakin da ya fi dacewa.