Rediyon Sha'awa a Gandayen Dajin Amurka

A shekarar 2016 hukumar kula da gandayen daji ta Amurka ta cika shekara 100. Domin bikin, ƙungiyar masu rediyon sha'awa, ARRL, ta ƙarfafa 'ya'yanta su shiga gandayen da na'urorinsu, su gaisa da duniya daga can. Mutane ne masu lasisi, da ke aika saƙo ta iska ba don kuɗi ba.

Saɓanin yakan taso ne daga lasisin. Mai rediyo na ganin ya ishe shi. Ma'aikacin gandu kuwa na ganin izinin iska ne, bai shafi ƙasa ko itace ba. Shi ya sa wasu gandayen ke neman takardar izini ta musamman, suke kuma hana rataya eriya a bishiya.

A nan gaskiya na wajen ma'aikacin. Ƙarƙashin ɓawon itace akwai wani siririn sashe mai rai, wanda ke sauko da abincin da ganye ya sarrafa zuwa saiwa. Igiyar da ta ƙuje ɓawo ta buɗe wa ƙwari da funfuna ƙofa. Rauni ɗaya ba komai ba ne, amma itacen da ya dace da eriya, shi kowane baƙo zai zaɓa.

Batun tsuntsaye ya fi sarƙaƙiya. A 2014 masana a Oldenburg ta Jamus sun nuna cewa hayaniyar lantarki mai rauni tana rikita wani tsuntsu mai ƙaura wajen gane alƙibla ta maganaɗisun ƙasa. Sai dai hayaniyar cikin gari suka bincika, ba na'urar mutum guda a daji ba.