SU DA MASUNTA A ƘASAR KABI: TSARIN ƘUNGIYARSU DA BIKIN KAMUN KIFI NA ARGUNGU

1.0 Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa na gargajiya, musamman a garuruwan da ke bakin gulabe da tafkuna da fadamu. Mafi yawan ɗalibai sun san wannan sana'a ne ta hanyar bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban masunta suke afka wa ruwa lokaci guda. Sai dai abin da ido yake gani a wannan rana ɗan kaɗan ne daga cikin aikin da ake yi. Gasar ba ta wuce kimanin sa'a guda, amma kifin da ake kamawa a cikinta an shafe watanni ana tsaron sa. Wannan darasi zai duba yadda masuntan Kabi suka tsara kansu, da dokokin da suka gindaya wa ruwa, da yadda waɗannan dokoki suka zama ginshiƙin bikin.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana ma'anar su da kayan aikinsa, ya fayyace tsarin shugabancin masunta, ya kawo tarihin bikin Argungu a taƙaice, sannan ya nuna dangantakar da ke tsakanin dokar hana su da ɗorewar sana'ar.

3.0 Ma'anar Su da Kayan Aikinsa

Su shi ne kamun kifi da sauran halittun ruwa domin ci ko sayarwa. Wanda yake yin sa ana kiran sa masunci, jam'i kuwa masunta. Akwai kuma Sarkawa, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, suke zaune a gaɓar kogin Kwara da rassansa, kamar a ƙasar Yawuri. Daga sunansu ne aka sami kalmar sarkanci, wadda ta ƙunshi kamun kifi da tuƙin jirgi da fito da sanin asiran ruwa. Ke nan ba duk masunci ne Basarke ba, domin akwai manoma da yawa da suke shiga ruwa da rani kawai, bayan sun kammala aikin gona.

Kayan su sun bambanta gwargwadon zurfin ruwa da irin kifin da ake nema. Fatsa ita ce mafi sauƙi, wato ƙugiya ɗaya da aka ɗaura wa zare da sanda, aka maƙala mata tana. Da ita yara suke fara koyo. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana. Birgi jefa shi ake yi ya buɗe a sama ya rufe kifi. Taru kuwa doguwar koma ce da mutane da yawa suke ja tare. Akwai kuma tarkuna irin su gura da mali da undurutu, sai zago da ake sukar manyan kifaye da shi. Kayan da suka fi shahara a Kabi su ne homa da gora. Homa koma ce mai bakin itace da masunci yake riƙewa a hannu, gora kuwa ƙaton duma ne mai ƙaramin baki, wanda masunci yake kwantawa a kansa ya yi iyo, kuma a cikinsa yake zuba abin da ya kama.

Daga cikin kifayen da aka sani a wannan yanki akwai giwan ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da karfasa da balli da yauni da tsage da gaiwa da minjirya. Giwan ruwa shi ne mafi girma, kuma galibi shi ne yake lashe gasa.

4.0 Tsarin Shugabancin Masunta

Kamar sauran sana'o'in gargajiya, irin su ƙira da fawa da wanzanci, su ma yana da shugabanni da sarki yake naɗawa. A Argungu akwai muƙamai biyu da suka fi fice. Na farko shi ne Sarkin Ruwa, wanda alhakin kula da gulbi yake wuyansa. Shi ne yake duba lafiyar ruwa, ya tabbatar an tsabtace shi, kuma ba a shiga wuraren da aka keɓe sai da izininsa. Na biyu shi ne Homa, shugaban masuntan gari, wanda sunan sarautarsa ya zo daidai da sunan komar da suke aiki da ita. A ƙarƙashinsu akwai dattawan masunta na unguwanni da ƙauyuka, waɗanda suke isar da umarni, su sasanta rikici, su kuma kai rahoton wanda ya karya doka.

Ayyukan wannan ƙungiya ba su tsaya ga kamun kifi ba. Ita take fitar da masu ceto idan jirgi ya kife ko wani ya nutse. Ita take raba faɗa idan taru ya shiga wurin da wani ya kafa tarko. Ta hannunta ne kuma ilimin sana'ar yake gangarowa daga uba zuwa ɗa: sanin gurbi mai zurfi, da lokacin da kifi yake ƙwai, da yadda ake gane wurin da kada yake. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a baki da aiki ake koyon sa.

5.0 Dokar Ruwa

Babban aikin shugabannin masunta shi ne rufe ruwa da buɗe shi. Dalilin haka yana tattare da yanayin gulbin kansa. Da damina ruwa yakan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyayi. Idan rani ya kama, ruwa ya ja baya, sai kifin ya taru a gurabe masu zurfi. A wannan lokaci kama shi ba wuya, har ma mutane ƙalilan za su iya kwashe shi kaf cikin kwanaki kaɗan. Saboda haka magabata suka keɓe wasu gurabe suka hana kowa taɓa su sai ranar da aka ayyana. Matan Fada, inda ake gudanar da babbar gasar Argungu, yana cikin irin waɗannan wurare.

Al'adu biyu ne suke tafiya da wannan doka. Gyaran ruwa shi ne shirin da ake yi kafin a shiga, domin neman tsari daga kada da sauran abubuwan cutarwa. A zamanin da ya ƙunshi yanka da roƙon iskokin ruwa, amma da Musulunci ya daɗa kafuwa addu'a ta maye gurbin da yawa daga cikin waɗannan abubuwa. Fashin ruwa kuwa shi ne bikin buɗe su, wanda sarki yake sanya wa rana. Kafin wannan rana duk wanda aka kama yana su a keɓaɓɓen wuri ya yi laifi, kuma akan ƙwace kayansa ko a ci shi tara.

Idan aka lura za a ga hikima iri biyu a wannan tsari. Ta farko ita ce kifi yana samun sararin girma da hayayyafa. Ta biyu ita ce adalci, domin ranar da aka buɗe ruwa mai ƙaton taru da mai 'yar homa duk lokaci guda suke shiga, ba wanda ya riga wani.

6.0 Bikin Kamun Kifi na Argungu

Daular Kabi ta yi ƙarfi tun ƙarni na 16 a ƙarƙashin Muhammadu Kanta, wanda ya zauna a Surame. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, daga baya Kabawa suka mayar da Argungu cibiyarsu, suka kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sada zumunci Argungu, sai aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Daga wannan ziyara ake lissafin farkon bikin a sigarsa ta zamani. Wato dai tsohuwar al'adar fashin ruwa ce aka ɗauka aka mayar da ita alamar sulhu tsakanin tsofaffin abokan gaba.

Sannu a hankali bikin ya bunƙasa. A 1970 shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, abin da ya ƙara fito da sunansa a waje. Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, bikin ya zama babban abin da aka san jihar da shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Akan yi bikin ne a watan Fabrairu ko Maris, tsawon kwana huɗu. Ana baje kolin amfanin gona, a yi dambe da kokawa da kaɗe-kaɗe. Akwai kuma wasannin ruwa da ake kira kabanci, waɗanda suka haɗa da tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Rana ta ƙarshe ita ce ta babbar gasa. Masunta sukan yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, da an harba bindiga sai su ruga cikin ruwa, makaɗa suna bin su a jirage. Ba a yarda da kayan su na zamani ba. Duk wanda ya kama babban kifi sai ya kai shi ma'auni a gaban jama'a. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, a 2020 kuwa kilo 78.

7.0 Matsalolin da Suke Fuskantar Sana'ar

Matsala ta farko ita ce ƙarancin ruwa. Madatsun da aka gina a saman gulbi, kamar ta Bakolori da aka kammala a 1978 da kuma ta Goronyo, sun taimaka wa noman rani, amma sun rage ambaliyar da take cika fadama, wadda a cikinta kifi yake hayayyafa. Ga kuma yashi da yake cike gurabe. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a lokacin bikin saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai.

Ta biyu ita ce miyagun hanyoyin su. Wasu sukan zuba guba irin su Gammalin a ruwa, wasu su yi amfani da koma mai ƙananan idanu da take kwashe har 'ya'yan kifi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa, amma jami'in gwamnati ba ya kwana a bakin gulbi. Masunci shi ya san ɗan'uwansa, kamar yadda karin magana ta ce, kifi na ganin ka mai jar koma. Don haka duk inda ikon Sarkin Ruwa ya yi rauni, doka takan zama ta takarda kawai.

Ta uku ita ce kwaɗayin kyauta. Da kyaututtuka suka kai ga motoci da kujerun Makka, sai aka fara samun maguɗi. A 2008 an ƙwace nasarar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa kifin da ya gabatar ba a wurin gasar aka kama shi ba. Ta huɗu ita ce katsewar bikin. Bayan na 2009 an shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba, musamman saboda matsalar tsaro, sai a 2020 aka dawo da shi. A irin wannan tsaiko yara da yawa sun tashi ba su taɓa ganin an riƙe homa a gasa ba.

8.0 Darasin a Hannun Malami

Malamin Hausa zai iya cin moriyar wannan batu ta fuskoki da dama. Ta fuskar harshe, zai sa ɗalibai su tattaro sunayen kifaye da kayan su na yankinsu, su kwatanta da na Kabi, su kuma lura da bambancin karin harshe, kamar yadda ake cewa kihi a yamma maimakon kifi. Ta fuskar adabi, akwai kirarin masunta da karin magana masu nasaba da ruwa. Ta fuskar al'ada kuwa, ya kamata malami ya kauce wa taƙaita darasin ga ranar biki da girman kifi. Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya fita da shi shi ne cewa al'umma ta iya kafa wa kanta doka ta tsare dukiyar da kowa yake da haƙƙi a cikinta. Inda akwai gulbi ko tafki a kusa, gayyato dattijon masunci aji ya fi dogon bayani a allo amfani.

9.0 Kammalawa

An ga cewa su sana'a ce mai tsari da shugabanci, kuma bikin Argungu ya tsiro ne daga al'adar rufe ruwa da buɗe shi. Sarkin Ruwa da Homa da dattawan masunta su ne suke riƙe da wannan doka. Ɗorewar bikin da ta sana'ar baki ɗaya ta dogara ga samuwar ruwa a fadama da kuma biyayyar masunta ga dokar da suka gada.

10.0 Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin masunci da Basarke?
2. Kawo kayan su guda biyar, ka bayyana yadda ake amfani da kowanne.
3. Fayyace ayyukan Sarkin Ruwa da na Homa.
4. Bambanta gyaran ruwa da fashin ruwa.
5. Wace dangantaka ce tsakanin ziyarar 1934 da tarihin Kabi da Sakkwato?
6. Jinga: ziyarci masuntan da suka fi kusa da garinku, ka rubuta shafi biyu a kan dokokin da suke bi wajen rufe ruwa da buɗe shi.