Kambin Ganye Ga Ƙanwata Mai Kammala Karatu

Zuwa ga Anti. Ƙanwata ce za ta kammala difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kuma ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai nan. Na ga hoton ɗaliban Italiya a waya, kowa da kambin ganye a kansa ranar yaye su, abin ya burge ni. Ba ni da kuɗin atamfa ko sarƙa, shi ya sa nake son in yi mata irinsa da hannuna. Na gwada da ganyen darbejiya, kafin azahar ya yi yaushi. Da me ake yin sa? Sannan ina tsoron abin da Baba zai ce.

Taki, daga Birnin Tudu, ƙaramar hukumar Bakura.

To, 'yar'uwa. Allah Ya sanya albarka a karatun nan, Ya saka miki da alheri kan wannan zumunci.

Ganyen da kika gani na wata bishiya ce da ke fitowa a ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum. Busasshensa ne masu kayan ƙamshi ke sayarwa ana jefawa cikin dafa-duka. Kada ki ɓata kuɗinki a kansa, da kin soke shi da allura zai ruguje. Darbejiya kuwa ganyenta siriri ne, ba ya jure rana. Nemi ganyen lemun tsami: yana da kauri da sheƙi, ga ƙamshi, kuma shi ya fi kama da na hoton. Ki tambayi masu lambu na wajen madatsar ruwan Bakolori. In bai samu ba, na gwaiba ma ya yi. Ki tsinki wanda ya ƙosa, ganye ɗaiɗai, don reshen lemo akwai ƙaya.

Ƙashin bayan aikin kaba ce. Ki jiƙa ta har ta yi laushi, ki kitsa ta gida uku kamar kitso. Ki auna kan ƙanwar taki da igiya tana sanye da mayafin da za ta saka ranar, ki ƙara faɗin yatsa biyu, sannan ki haɗa bakin kitson ki ɗaure tam. Daga nan sai ki riƙa haɗa ganye uku-uku kina naɗe gindinsu da koren zare a jikin kabar, kowane ƙulli ya rufe gindin na gabansa. Ki fara daga goshi ki gangara ta dama zuwa ƙeya, ki dawo ki yi na hagu, yadda tsinin ganyen duk zai kalli gaba. A ƙeya Italiyawa kan ɗaura jan kirtani. Da daren jajibiri za ki haɗa shi, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ki ajiye gindin randa.

Batun Baba shi ne babba a wurina. Gara ki san asalin abin kafin wani ya faɗa masa. Tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Girkawa ke ɗora wa zakarun wasannin Delfi wannan kambi, wasannin da suke yi don girmama abin bautarsu Afolo. Daga baya Rumawa suka ba jarumansu, yau kuma a jami'o'in Italiya ya zama ado ga mai kammala digiri. Akwai iyayen da wannan tarihi zai sa su ƙi, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya bar 'yarsa ta tafi Mafara karatu ya cancanci a nemi izininsa, kada ya fara ganin abin a hoto. Ki same shi bayan sallar isha'i, ko ki bi ta wajen Inna, ki nuna masa, ki gaya masa gaskiya.

In ya amince, ta ɗora bisa mayafinta a walimar cikin gida, a ɗauki hoto. In ya ce a'a, kada ki ja da shi. Ki faɗaɗa zagayen, ki ɗinke shi a bakin sabon faifai, ki ɗora takardar sakamakonta a tsakiya, Baba ya miƙa mata da hannunsa ya sa mata albarka.