Yadda Ake Jan Motar da ta Mutu da Sandar Ƙarfe

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi ta Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agiye da Gazawa, ta wuce Tasawa har Damagaram. Motoci suna bin ta dare da rana da mutane da buhunan gero da wake. Wani lokaci mota takan mutu a daji, nesa da makaniki. Dole wata motar ta ja ta zuwa gari.

Mutane da yawa suna ja da igiya. Igiya tana da haɗari biyu. In motar gaba ta taka birki, ta baya sai ta faɗa mata. In kuma igiyar ta tsinke, takan dawo da ƙarfi kamar bulala, ta raunata wanda ke kusa. Sandar ƙarfe ta fi igiya, domin ba ta lanƙwasa. Tazarar da ke tsakanin motocin biyu ba ta raguwa, ba ta ƙaruwa.

Kafin a tashi

1. A sauke fasinjoji da kaya. Direba kaɗai ke zama cikin motar da ake ja.
2. Motar gaba ta fi ta baya nauyi, birkinta ya zama mai kyau.
3. A ɗaura sandar a zoben ja da masu ƙera mota suka tanada gaba da baya. Kada a ɗaura ta a bamba, za ta fizge.
4. A sa ƙusa mai kauri a kowane baki, a kulle ta don kada ta zame.
5. A murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle. A fidda giya, a saki birkin hannu.
6. Kada kowa ya tsaya tsakanin motocin. A kori yara daga wurin.

A kan hanya

In inji ba ya aiki, birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, domin inji ne ke taimaka musu. Saboda haka direban baya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bi sawun motar gaba. Direban gaba ya tashi a hankali, ya tsaya a hankali, ya buɗa sosai a wurin kwana. Gudu kada ya wuce kilomita 25 cikin awa ɗaya. A bi gefen dama, a kunna fitilun haɗari. Direbobin su shirya alama tun kafin tashi, misali odo biyu yana nufin a tsaya. A kula da amalanke da dabbobi, musamman ranar kasuwa. Bayan ƴar tafiya a tsaya a duba ƙusoshin. In dare ya yi kuma motar baya ba ta da wuta, a jira safiya.

Motocin da ba a ja haka

Mota mai canza giya da kanta ba a ja ta nesa da tayu huɗu a ƙasa. Mai ba ya zagayawa cikin akwatin giyarta in inji ya mutu, sai ya ƙone. Irin wannan sai a ɗora ta bisa babbar mota. Babbar mota mai birkin iska kuwa, in iska ta ƙare, tayunta na baya sukan kafe. Wannan aikin makaniki ne.

Sannu ba ta hana zuwa. Kuɗin sandar ƙarfe bai kai kuɗin jinya ba.

Tambayoyi

1. Don me sandar ƙarfe ta fi igiya?
2. Me ya sa birki ke tauri in inji ya mutu?
3. Daga Agiye zuwa Maraɗi kimanin kilomita 80 ne. In ana tafiya kilomita 20 cikin awa ɗaya, awa nawa za a yi?