Ƙaramar Tocila Mai Caji

Yara, kun san yadda dare yake a ƙauyukanmu in babu farin wata. Da an idar da sallar lisha sai duhu ya rufe ko'ina, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Amma duhu ba ya hana bukata. Wani zai zagaya bayan gida, wata za ta leƙa turke ta ga abin da ya sa akuya kuka, wani kuwa an aike shi ya kirawo ungozoma. Dukansu haske suke bukata.

Yau za mu yi magana a kan wata ƙaramar fitila da ta yawaita a ƙasarmu, watau tocilar nan mai caji wadda ake ratayawa a jikin makullai. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Za mu ga inda ta fito, da abin da take iyawa, da kuma abin da ba ta iyawa.

Fitilun Da

A zamanin kakanninmu, man gyaɗa ake zubawa a ɗan kasko, a murza auduga a yi lagwani, a kunna. Almajirai kuwa kara suke tarawa su hura wuta, su kewaye ta da allunansu. Daga baya kananzir ya zo, aka sami aci-bal-bal da fitilar ƙwai.

Waɗannan fitilu sun yi wa mutane aiki ƙwarai, amma kowace da aibinta. Iska takan kashe aci-bal-bal. Hayaƙinta yakan sa idanu hawaye, ya baƙanta hanci. Mafi muni kuma, wuta ce tsirara. In yaro ya yi gyangyaɗi ya ture ta kusa da zana, ko kusa da gidan sauro, sai gobara, balle a lokacin hunturu da kome ya bushe.

Sa'an nan aka sami babbar tocila mai batir biyu ko uku, irin ta maharba da masu gadi. Ita ba ta ta da gobara, iska kuma ba ta kashe ta. Sai dai tana da nauyi, kuma in batir ya ƙare sai a jefar a sayo sabo.

Inda Tocila Ta Fito

Ba mutum ɗaya ya ƙago tocila ba, kuma ba a rana ɗaya aka yi ta ba. A shekarar 1800 wani malami a ƙasar Italiya, mai suna Alessandro Volta, ya haɗa batir na farko. Batiran farko duk masu ruwa ne, ba su ɗaukuwa a aljihu. A 1886 wani Bajamushe, Carl Gassner, ya yi busasshen batir wanda ba ya zuba. A 1899 kuma wani mutumin Ingila mazaunin Amurka, David Misell, ya sami takardar shaidar ƙago fitilar hannu mai batir. Tocilar farko ba ta jimre wa dogon kunnawa. Sai a haska kaɗan, a kashe, batir ya huta.

Abu biyu suka sa tocila ta ƙanƙance har ta koma kamar ɗan yatsa. Na farko sabon batir ne da ake yi da wani ma'adini mai suna litiyam. Ba shi da nauyi, kuma in ya ƙare ana sake cika shi. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da irinsa a 1991, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Na biyu sabon ƙwan fitila ne ɗan mitsitsi, wanda ake kira LED. Wasu malamai uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a sa shi ya ba da shuɗin haske mai ƙarfi, aka kuwa ba su lambar girma ta Nobel a 2014 saboda wannan aiki.

Abin Da Ke Cikinta

In kun riƙe ƙaramar tocila, abu huɗu kuke riƙe da su: batir, da ƙwai, da maɓallin da ake dannawa, da ɗan ramin da ake soka wayar caji.

Ku leƙa cikin gilashinta tana kashe. Za ku ga wani ɗan ɗigo rawaya. Wannan shi ne ƙwan. Haskensa na ainihi shuɗi ne, amma an shafe shi da wani sinadari rawaya. In shuɗin ya ratsa ta cikinsa, sai su gauraya, idonmu ya ga fari.

Ƙwan tsohuwar tocila siririyar waya ce a cikinsa, wadda sai ta yi zafi jawur kana ta yi haske. Saboda haka yawancin ƙarfin batir a zafi yake tafiya. Sabon ƙwan kuwa ba ya ɓarnar wuta haka. Shi ya sa ɗan ƙaramin batir yake isarsa.

Amma ku lura da wannan, domin shi ne ginshiƙin darasinmu. Batir kamar gorar ruwa yake. Babbar tocila tulu gare ta, ƙarama kuwa 'yar gora. In ka kafa kai ka kwankwaɗa, yanzu gora za ta ƙare. In ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, sai ta kai ka gida.

A Kasuwar Maigatari

Kun san ran Alhamis kasuwar Maigatari take ci, a kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Nan ake kawo raƙuma da shanu da tumaki da awaki daga nesa. Wata Alhamis ina tsaye gaban teburin wani saurayi mai sayar da tociloli, sai ga wani dattijo ya zo, ya sayar da ragonsa. Ya ɗauki wata 'yar tocila, ya jujjuya ta, ya danna. Haske ya fito fau, ko da yake rana tana tsaka.

Dattijo ya ce, "Yaro, in na kunna wannan da magariba, za ta kai ni asuba?"

Saurayi ya ce, "Baba, gaskiya zan faɗa maka. Haske uku gare ta. In ka bar ta a babban, da ƙyar ta kai ka lisha. In ka sake dannawa ka rage shi zuwa ƙaramin, za ka daɗe kana aiki da ita."

Dattijo ya ce, "To, za ta hasko mini ƙarshen garke?"

Saurayi ya ce, "A'a, Baba. Wannan aikin babbar tocila ne. Ita wannan ta gaban ƙafarka ce."

Dattijo ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da ka ce mini tana yin kome, da ban saya ba." Ya biya, ya ɗaura ta a igiyar makullinsa, ya tafi.

Abin Da Take Iyawa

Maganar saurayin nan gaskiya ce. Ƙaramar tocila gwana ce a aikin kusa. Da ita za ka ga ramin kwaɗo ka buɗe ƙofa. Da ita uwa za ta auna wa jariri magani da tsakar dare. Da ita za ka nemo allurar da ta faɗi, ka leƙa ƙarƙashin gado, ka duba cikin takalminka kafin ka sa ƙafa, ko kunama ta kwana a ciki. Ƙaramin haskenta ya isa ɗalibi ya yi bitar karatunsa, in ya rataye ta sama da littafin. Manya kuma sukan kama ta a jikin hula, hannuwansu biyu su zauna sake.

Amma ba ta hango nesa sosai. Ba ta haske tsakar gida duka. Ba ta kwana a kunne da babban haske. In an matsa mata ma, sai ka ji jikinta ya ɗau zafi, wasu kuwa da kansu suke rage haske don kada su lalace.

To, in haka ne, me ya sa ake sonta? Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Wata damina na tafi duba makarantu a ƙasar Sule Tankarkar, dare ya yi mini, na kwana a wani ƙauye. Ina da babbar tocila, amma tana can ƙasan jakata. Da asuba na tashi zan yi alwala, na yi ƙyuyar kwance jaka. Na fita cikin duhu, har na sunkuya zan ɗauki buta, sai na tuna da 'yar tocilar da ke jikin makullin babur ɗina. Na danna. Ga kububuwa kwance jikin butar, ta naɗe, launinta ya saje da rairayi!

Kububuwa gajeren maciji ce, da dare take yawo, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara, babu abin yi sai a garzaya da shi asibiti a yi masa allurar dafin maciji, ba tsaga ba, ba tsotso. Ni Allah ya kiyaye ni, ya kuwa sa wannan 'yar aba ta zama sanadi. Tocilar da ta fi haske tana cikin jaka. Wadda ta yi mini rana ita ce wadda ke tare da ni. Ƙwai a baka, in ji Hausawa, ya fi kaza a akurki.

Yadda Za a Kula Da Ita

Tocilar da babu caji, daidai take da tsakuwa a aljihu. Saboda haka kada ka bari sai ta mutu sarai. Da ka ga haskenta ya fara dusashewa, sai ka nemi caji. A cikin Gumel ana iya yi a gida in an kawo wuta. A ƙauyukan da wayar lantarki ba ta kai ba, kamar wasu na ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar, masu cajin wayar hannu suna yi da janareto, ko da farantin nan mai zuƙo hasken rana. Yawancin ƙananan tociloli awa ɗaya ko biyu ya ishe su. Wata 'yar jar wuta takan kama in ana caji, ta sake launi in batir ya cika. In ya cika a cire.

Batirin litiyam ba ya son zafi. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40 a ma'auni. Kada a bar tocila a rana, ko kusa da murhu, kada kuma a yi cajinta a ƙarƙashin matashin kai. In ka ga ta kumbura, ko tana wari, to, ka daina aiki da ita, ka gaya wa babba. Kada a fasa ta, kada a jefa ta a wuta, gama batirin yana iya fashewa.

Ƙurar hunturu da ruwan damina sukan shiga ramin caji su ɓata shi. In tana da ɗan murfin roba, a riƙa rufewa. Ka kuma riƙa duba aljihunka, don wani lokaci makullai sukan danne maɓallin, ta yi ta ci da rana ba ka sani ba.

Batir ma yana tsufa. Masu ƙera shi sukan ce ana iya cika shi sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Wanda yake caji sau 2 a mako, ya yi sau 104 ke nan a shekara. Kun ga in ya kula da ita, tana iya yi masa kusan shekara 3, ko ma fiye.

Ladabin Riƙe Tocila

Yaro mai tarbiyya ba ya dalle wa mutum fuska da tocila, balle babba. Hasken yana kashe ido, kuma rashin kunya ne. In ka ji motsin mutum a duhu, sai ka yi sallama, ka mai da hasken ƙasa. Kada ka haska cikin gidan mutane ta saman danga. Kada ka haska idon mai tuƙa babur ko mota, gama kana iya sa shi ya faɗi. In kuna tafiya da tsoho, ka haska masa inda zai sa ƙafa, ba inda kai za ka sa taka ba. Kuma tocila ba abin wasa ba ce. Cajin da ka ƙarar wajen tsokanar abokai da yamma, shi za a nema da tsakar dare a rasa.

Saboda haka, yara, duk wanda Allah ya hore wa irin wannan tocila, sai ya riƙe abu uku: ta zauna tare da shi, ta zauna da caji, ya kuma yi tsimin haskenta.

Tambayoyi

1. Faɗi aibi biyu na aci-bal-bal.
2. Wane ne ya haɗa batir na farko, kuma a wace shekara?
3. Waɗanne abubuwa biyu suka sa tocila ta ƙanƙance?
4. Don me aka kwatanta batir da gorar ruwa?
5. Me ya sa dattijo ya yarda ya sayi tocila a wurin saurayin nan?
6. In tocila ta kumbura, me za ka yi?

Aiki

(a) Ku tambayi kakanninku irin fitilar da suka yi aiki da ita suna yara. Ku rubuta jimla biyar a kan abin da suka gaya muku.

(b) In akwai ƙaramar tocila a gidanku, ku nemi izinin mai ita. Bayan an cika ta, ku kunna babban haske, ku duba agogo, ku ga minti nawa za ta yi kafin ta dusashe. Kashegari a sake cika ta, ku gwada da ƙaramin haske. Ku kawo wa malaminku lissafin.