Yadda A Ke Shirin Tsere Uku Cikin Ɗaya

Akwai wani irin tsere da a ke yi a ƙasashen duniya wanda Turawa ke kira tirayatalon, watau tsere uku cikin ɗaya. Mutum ya fara da iyo, in ya fito daga ruwa ya hau keke, in ya sauka kuma ya kama gudu da ƙafa, duk a jere ba hutu. An soma shi a garin San Diyego na Amurka cikin 1974. Wanda ya fi suna cikin dogayensa shi ne Ironman, watau Mutumin Ƙarfe, wanda aka fara a tsibirin Owahu na Hawayi ran 18 ga Fabrairu, 1978. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. Gordon Haller ne ya zo na ɗaya, cikin awa 11 da minti 46.

Ga tsawonsa: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42, kuma bisa al'ada sai an gama kafin awa 17 ta cika. Ku gwada da ƙasarmu. Daga Potiskum zuwa Damaturu kimanin kilomita 100 ne. Ashe mai keke ya kusa zuwa Damaturu ya komo ke nan, sa'an nan ya fara gudu.

Ni dai ba da wasa na ke ci ba, koyarwa ce sana'ata. Amma na daɗe ina wannan shiri a nan garin, shi ya sa na ga ya kyautu in bayyana muku yadda a ke yinsa, ya ku malaman gobe. Asirinsa guda ne: kaɗan-kaɗan a ke ƙara wa jiki kaya, a kuma ba shi hutu, gama lokacin hutu ne tsoka ke gyara abin da aiki ya ɓata, har ta fi dā ƙarfi.

Da fari sai mutum ya je likita ya duba zuciyarsa da jininsa, tun ba mai sikila ba. In an ce lafiya, ya raba makonsa. Ni kwana 6 na ke aiki, na bakwai in huta ɗungum. Abin da na yi makon jiya, ba na ƙara masa fiye da kashi ɗaya cikin goma a wannan mako. Kowane mako na huɗu kuwa in rage aikin. Yawancin gudun a hankali ne, yadda zan iya hira da abokin tafiyata ba tare da haki ya sarƙe ni ba. Wanda ya ƙi wannan ƙa'ida, gwiwa ko agara za ta zaunar da shi wata da watanni.

Na biyu, a saba wa ƙafa da gudu bayan keke. Wanda ya yi awa 3 bisa sirdi, in ya sauka sai ya ji ƙafafunsa kamar an ɗaura musu turmi. Maganin wannan, sau ɗaya a mako da ka jingine keken ka yi gudu na minti 20. A hanya kuwa kun san yawan manyan motocin garin nan, saboda haka hular kwano da riga mai haske wajibi ne.

Na uku, zafi. A watan Afirilu zafin ƙasarmu ya kan wuce awo 40, don haka da asuba na ke fita, in komo kafin hantsi. Lokacin hunturu ne ya fi daɗin doguwar tafiya. Ku hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, wajen lita ɗaya ce ta ruwa ta fita da gumi, sai a mayar. Amma gumi da gishiri ya ke fita, kuma ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma ya kan kayar da mutum, sai a sa ɗan gishiri da sukari. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko hankalinsa ya fara rikicewa, ya tsaya nan take, ya nemi inuwa, a jiƙa shi da ruwa. Wannan ba ragwanci ba ne, gama zafi na kisa.

Na huɗu, abinci. Sukarin da jiki ke ajiyewa cikin tsoka da hanta ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa 2 mai tsanani. Lalle mai dogon tsere ya koyi ci yana tafe. Ni dabino da ayaba na ke sawa a aljihu, in na dawo in sha fura da nono.

Iyo shi ne mai wuya gare mu. Kada ku ruɗu da kududdufan damina. Cikin irinsu ne a kan sami dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta sa fitsarin jini. A nemi tafkin wanka mai tsabta na gini, ko da sai an yi tafiya lokacin hutu, a koya wurin wanda ya iya. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai.

Kafin babban tsere sai a gwada kai da ƙarami. Ga gudun kilomita 42 da aka fara yi a Ikko cikin 2016, ga kuma Ironman na Afirka ta Kudu ga wanda ya ƙosa. In saura mako 2 ko 3 a rage aiki ƙwarai don gajiya ta sake jiki. Ranar tsere ba a sa sabon takalmi, ba a ɗanɗana sabon abinci, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

To, gobe za a ba ku yara ku fitar da su fili. Kada ku sa su zagaya fili sau 10 ranar farko, da tsakar rana, don a ga ƙwazonku. Ku fara da sau 2 da sanyin safiya, ku ajiye musu tulun ruwa, ku riƙa rubuta abin da kowane yaro ya yi a littafi. Ƙarshen zango ku duba littafin tare da su. Allah ya ba mu lafiya da juriya, amin.